Yayata Mai Shanyar Ruwa

Gara in faɗa da bakina kafin matan unguwarmu su riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Kuma ba irin wautar da mutum zai yi sau ɗaya a yi dariya a wuce ba ce. Tawa na yi ta ne shekara da shekaru, da hula a kai, da carbi a hannu, ina kawo mata hujja. Wadda ta fi kowa sanin haka ita ce Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni har na yi wayo. Allah Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, tsakiyar bazarar nan, a ɗakinta da ke ƙauyenmu, gefen Kademi. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu koma. Allah Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta.

Na ɗauki biro ne don na san 'ya'yanta. In aka bar musu, nan da shekara biyu abin da za a tuna kawai shi ne an yi wata tsohuwa mai faɗa, mai baƙar ganga a tsakar gida.

Bari in fara da 'yan zaman makoki, don bai kamata a manta da su ba. Sun zo daga Gaya, sun zo daga Balan, dangin mahaifiyarmu na Ajingi kuwa a-daidaita-sahu biyu suka cika. Mutum zai durƙusa gabana, ya kwantar da murya ya ce, "Kawu, ya haƙuri?" Kafin in gama cewa da godiya, idonsa ya bar fuskata ya hau bangon zaure yana bin igiyar wuta. Sai ka ji, "Allah Ya jiƙan Inna. Nan ne ake sa caji?" Kafin azahar wayoyi sun kewaye soket ɗin zauren nan kamar 'yan tsaki a kwanon tsaba. Ban ga laifinsu sosai ba. Ƙauyenmu turakun lantarki kawai gare shi, an kafa su tun ina da baƙin gashi, kuma har yau tsuntsaye ne ke morarsu. Wutar da ke garin ta solar Yaya ce, sai 'yan gidajen da suka kwaikwaye ta daga baya.

Akwai wani abokin hirarmu na majalisa da ya fi kowa sheshsheƙa. Ya sami wuri daidai ƙarƙashin fanka, kwana uku a jere bai sauya mazauni ba. Shi ne yake gaya wa baƙi, "Wannan baiwar Allah ai ta fi injiniya." Da kunnena na ji shi a shekarun baya yana cewa tsufa ya fara taɓa mata kai. Ban tona shi ba, saboda ranar da ya faɗi haka ni ne na ce masa gaskiyarka.

Kukan gaske yana cikin gida, kuma ba shi da ƙara. Mata suna shigowa da goyo a baya, su tsaya gaban gangar nan, sannan su ƙarasa ɗaki su yi gaisuwa.

Ranar rasuwar ma sai da na taɓa halina. Da aka zo batun wanka, na tashi da nauyin babba na sa aka ɗebo ice daga gidana don a ɗumama ruwa. Ba a jima ba aka dawo min da icen, ko ɗaya ba a zara ba, da saƙo daga surukarta, matar babban ɗanta, wadda ke zaune da ita a gidan: "A gaya wa Kawu ruwa ya riga ya yi." Ashe maganar ƙarshe da Yaya ta yi mata da sassafe ita ce, "An cika gangar?" Da ruwan aka wanke ta.

Yaya ungozoma ce. Rabin mutanen da suka yi mata sallah ita ta yanke musu cibiya, har da limamin da ya ja sallar. Shi ya sa ba ta tsoron rawanin kowa. Ni kuwa har gemuna ya yi fari fat Auta take kirana, in kuma tana so ta ƙona min rai sai ta ce ɗan boko, saboda na kai aji huɗu kafin Babanmu ya mayar da ni gona, kuma ni ake kawo wa kwalin magani in karanta. Ita ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Amma ta san rana. Ta san inda rana ke fara sauka a tsakar gidanta da inda take ƙarewa, ta san watan da inuwar rumbu ke komawa kudu da watan da take dawowa, ta san wurin shanyar kuɓewa daban, na barkono daban, na daddawa daban. In ta ga mace ta bar hantsi ya wuce ba ta baza komai ba, sai ta ce, "Rana ta zo gidanki ta tafi hannu biyu, ke kuma kina zaune."

Ƙaramin ɗanta da ke aiki a Kano shi ya kawo mata solar: faranti ɗaya babba mai sheƙi, da batir, da ƙwayayen fitila uku, da fanka. Mai haɗawar ya haɗa igiyoyi, yana sauri ya kama mota, ya ce a sa farantin inda ya dace. To wa ya san inda ya dace in ba ɗan boko ba? Na tsaya na yi nazari. Babur ɗinka ba ka barinsa a rana. Rediyo ba ka barinta a rana. Ko sirdin keke sai ka nema masa inuwa. Balle abu mai daraja irin wannan, mai gilashi. Na sa aka jingina shi a gindin darbejiya, inda inuwa ta fi kauri, na kuma juya fuskarsa alƙibla saboda albarka. Da azahar, lokacin da rana ke ɗan ratsowa ta cikin ganye, da kaina nake zuwa in lulluɓe shi da tabarma.

Ƙwan nan ya riƙa kawo haske kamar garwashin da aka manta da shi, kafin a idar da magariba ya ɗauke. Na je majalisa na sanar cewa an cuci ɗan Yaya, an sayar masa da madubi. Kowa ya girgiza kai. Mu a majalisarmu in dai labarin an cuci wani ne, ba ma neman shaida.

Kwana uku Yaya tana kallona. A na huɗu na shigo da tabarmata na tarar ita da surukarta sun janyo farantin zuwa wurin shanyar barkono, tsakiyar rana ƙwal.

"Yaya, me kike yi haka? Zai ƙone."

"Auta, me aka ce maka abin nan yake ci?"

"Rana."

"Sai ka kai shi inda babu ita, ka kuma rufe masa baki da tabarma."

"Ai komai yana son daidai-wa-daida. A karatu an nuna..."

"Takalman da ka cinye a hanyar makarantar nan sun tafi a banza. Shimfiɗa tabarmar ka zauna, ita ta san aikinta."

Daga ranar ƙwai uku suka kama, fanka ta juya. Na koma majalisa na ce daman sabon abu sai ya yi kwana uku a inuwa ya saba da iskar gari. Suka ce lallai ilimi daban ne.

Ta sa kafinta ya yi wa farantin ƙafafu na katako, yadda mace ɗaya za ta iya juya shi. Sau uku take juya shi a yini, da safe, da azahar, da la'asar, kamar yadda ake juya shanya. Tana da wani tsohon ɗankwali da ba ya taɓa komai sai gilashin nan. Kaji sun san iyakarsu. Abin da ba ta yafewa shi ne mutum ya tsaya tsakanin farantin da rana. Ko kai waye, "Matsa, inuwarka." Ta faɗa wa liman, ta faɗa wa mai gari ranar da ya zo ganin abin mamaki da 'yan rakiyarsa. Ni kuwa ban san adadi ba.

Wannan duk wasa ne. Rigimarmu ta gaske a kan ruwa aka yi ta.

Wanda ba ɗan nan ba ne sai in gaya masa. A wurinmu in mace ta haihu, kwana arba'in take wanka da ruwan zafi da ganye, safe da yamma, kuma icen dafa ruwan yana wuyan namiji. A zamaninmu da tsibin ice ake gane miji. Lokacin da mai ɗakina ta yi haihuwar fari, na tara ice har ya leƙa bayan katanga, masu wucewa suna sa min albarka. Ni da irina muka sare ƙirya, muka sare marke, muka bi gawo da gatari har dajin ya zama fili, sannan muka zauna a majalisa muna cewa samarin yanzu ba su iya tara ice ba. Yanzu mai jego da kara ake lallaɓa ta, da busasshen kashin shanu, wani gidan har da tsofaffin robobi.

Wata maƙwabciyar Yaya ta haihu mijinta yana ci-rani. Yaya ta shiga duba ta, ta tarar uwar mijin tana tura tsofaffin silifa a murhu, hayaƙi baƙi ƙirin ya cika gida, jariri yana tari, ruwan kuma ko ɗumi bai yi ba. A satin Yaya ta bi ta fadama, inda masu noman rani ke barin baƙin tiyonsu a kwance a rana. Aka tada inji, ruwan farko da ya fito ya zubo mata a ƙafa, zafinsa sai da ya sa ta yi tsalle. Mai gonar yana ba ta haƙuri, ita kuwa tana tambayarsa ko yana da tsohon tiyo da ya daina amfani.

Ta samo tsohuwar gangar ƙarfe ta sa aka shafe ta da baƙin fenti. Ta naɗe tiyon kamar gammo a kan fallen kwano, ta rufe da gilashin wata tsohuwar taga, aka haɗa bakinsa da gangar. A cika da safe, kafin la'asar ba ka iya tsoma hannu. Wankan yamma ya samu. Na safe kuma sai ta ɗura ruwan a tuluna, ta binne su a ramin ƙaiƙayi, ta danne da buhuna. Da gari ya waye ɗan dunƙulen kara ya isa ya tashe shi. Ba ta yi wa abin ƙarya. Ranar da hadari ya rufe sama, ita da kanta take cewa, "Yau rana ta yi rowa, a hura wuta." Kuma ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar gero a kan ruwan nan ba. Duk gidan da aka yi haihuwa, bokitinsu na layi a tsakar gidanta.

Ni kuwa na zauna a majalisa na yanke hukunci. Na ce ruwan jego sai ya ga wuta. Na ce ruwan da rana ta taɓa ɗanye ne, zafinsa na sama-sama ne, ba ya shiga ƙashi, kuma duk matar da ta yi wanka da shi za ta gani a tsufanta. Dattawa shida suka goyi bayana, waɗanda a cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaga bokiti ya kai bayan ɗaki. Muka sa mata suna mai shanyar ruwa. Da sunan ya je kunnenta sai ta ce ya fi nata na yanka daɗi.

Sai jikata ta zo gidana wankan haihuwar fari. Na kafa doka: ɗigon ruwan ganga ba zai shigo min gida ba. Na bi ƙauyuka har ta wajen Ajingi na haɗo ice amalanke guda, na jibge shi a ƙofar gida inda kowa zai gani. Yaya ta zo ta tsaya a kansa.

"Auta, gidanka da nawa katanga ɗaya ce. Ruwa yana can yana tafasa a banza."

"Jikata ba za ta yi wanka da shanya ba."

"Ni na karɓi haihuwarta, na karɓi ta uwarta. Kai me ka karɓa?"

"Ni ne mai gidan nan."

"Na sani. Ni na wanke maka kashi ai."

Kwana arba'in ba mu gaisa ba. Kullum safe da yamma ina zaune a zaure ina ganin hayaƙi yana tashi daga cikin gidana, raina fes. Jikata ta fito jego ta yi jawur, ta yi ɓulɓul, na riƙa nuna ta da baki a majalisa: ga aikin wuta, a je a gwada da na rana. Ranar arba'in Yaya ta shigo da ƙwaryar kunu, ta dube ni ta ce, "Auta, icenka ya yi kyau." Na ɗauka ta sallama ne. Na yafe mata cikin girma.

Sai a ciwonta na ƙarshe na ji sauran. Na shiga gaishe ta wata la'asar, tana kwance, fanka na kaɗawa a kanta, ta rame amma bakin yana nan.

"Zauna, ɗan boko, in sauke wani nauyi. Jikarka da ruwan gangata ta yi wanka, tun daga ranar farko har ta arba'in. Ta kan katanga matarka ke karɓa."

"Hayaƙin fa? Da idona na gani."

"Ɗanyen ganye ne take turawa a murhu. Hayaƙin naka ne, ruwan na mai jego. Icenka kuwa tuwo kuka ci da shi har kaka."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta kamo hannuna.

"Saurara. Faranti da batir da ganga, kada a sauke su. Na bar wa matan unguwa. Fita ka kira mutum biyu su ji da kunnensu."

Na ce, "Haba Yaya, wa zai yi rigima a kan tsohuwar ganga? Kuma ai tashi za ki yi."

Ta ce, "Ni na haife su, Auta."

Ban kira kowa ba. Na ce gobe. Goben nan ita ce Talatar.

Washegarin sadakar bakwai aka zauna a zaure, ga liman, ga 'ya'yanta maza biyu, ga ni. Ba a gama shafa fatiha ba babban ya gyara murya ya ce faranti da batir zai kai shagonsa na Gaya, tunda nan ba mai kula da su. Ƙaramin ya ce ai shi ya kawo su. Babban ya ce kyauta ka ba ta, ta zama gado. Gangar da tiyon kuwa a nan bakinsu ya zo ɗaya: a kira 'yan gwangwan su kwashe. Kwana bakwai kacal. Ƙasar kabarin ko zama ba ta gama yi ba.

Na miƙe na faɗi wasiyyar, kalma da kalma. Babban ya dube ni da ladabin nan nasa mai ban haushi.

"Kawu, ba mu ƙaryata ka ba. Amma wa ya ji banda kai?"

"Ni kaɗai ne."

"Kuma Kawu, ba kai ne ka ce ɗanyen ruwa ba ne? Muna yara muna jin ka." Ba yara ba ne lokacin, da gemunsu, amma zauren ya yi dariya.

Liman ya ce in magada sun yarda, magana ta ƙare, in ba su yarda ba, bakin mutum ɗaya bai isa ba. Magada suka sunkuyar da kai suna nazarin tabarma. A lokacin ne na san abin da na yi. Yaya ta roƙe ni abu ɗaya a duk rayuwarta, in taka ƙafa in kira mutum biyu, na tsaya yi mata ilimi.

Sai muryar surukarta ta fito daga bayan ƙofa, ba da ƙarfi ba. Da mijinta take.

"Malam, a sauke, ba komai. Sai dai ina tuna maka 'yarka za ta zo wanka watan gobe, haihuwar fari. Safe da yamma, kwana arba'in. Matar ƙaninka ma an ce nan za ta zo bayan sallah. Gara ku fara neman ice tun yau, don kara ya ƙare."

Ina kallon leɓen babban yana motsi, kuma ba tasbihi yake ba. Can ya ɗago da fuskar tsoron Allah ya ce, "Ai wasiyyar uwa ba abin wasa ba ce. Kawu ba zai yi mana ƙarya ba." Ƙaramin ya ce daman shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Liman ya sa musu albarka, aka ce 'ya'ya na gari. Uwar da ta ɗauke su wata tara ba ta motsa su ba, kawunsu da furfurarsa bai motsa su ba, amalanken ice ya sa su kuka da hawaye. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ruwan nan ya zame mata sanyi a kabari, Ya ba ta ladan kowane bokiti. Mu kuma da muka rage, Ya rufa mana asiri, don mu ba ma iya rufa wa kanmu.

Da hantsin washegari na shiga gidan. Na tarar da mata biyar da bokitai, surukar tana cika gangar da tulu. Na ɗauko tsohon ɗankwalin nan daga kan igiya, na tsaya tsakiyar gida, na yi gyaran murya. Na gaya musu yadda na tsaya tsayin daka a zaure har gaskiya ta yi halinta. Na sanar da su cewa daga yau ni zan riƙa duba kayan nan, tunda ni na fara kafa farantin a gidan, kuma ni kaɗai ne a dangi na san ƙa'idarsa a karatu. Na fara yi musu bayanin yadda rana ke shiga gilashi. Na yi nisa sosai, har ina nuni da hannu.

Surukar ta ajiye tulu, ta goge hannu a zani, ta ɗan rusuna.

"Kawu, Allah Ya saka da alheri. Amma tun da ka fara magana batir bai sha komai ba. Inna ta yi shekaru tana kawar da inuwarka daga kan farantin nan. Yanzu ba ta nan, sai ka taimaka ka riƙa kawar da ita da kanka."